Yadda ake hawan Jabal Musa da ƙahwa a sauko gidan ruhubanawa na Sant Katrin kahin su ruhe ƙohwa

Tun ranar da na ɗora hotunan hawan Jabal Musa da na yi a Misira a status ban huta ba, a hwadarmu ta nan unguwar Zariya a Maradi kowa ya zo shan shayi sai ya ce wai da gaske dutsen Annabi Musa ne ka hau, wani ya ce nawa ka kashe, wani kuma ya ce mi ya kai ka gidan Kiristoci. To bari in rubuta sau guda kowa ya karanta, musamman ɗalibanmu da ke Alƙahira da 'yan kasuwa da masu kai marar lahiya asibitocin Misira waɗanda kan samu kwana biyu ko ukku babu abin yi. Sau biyu na je. Zuwan hwarko na hau dutsen lahiya lau amma na sauko na iske ƙohwar gidan a ruhe ruf, na tsaya ina kallon katanga kamar wanda ya zo biki bayan an watse. Zuwa na biyu ne na gane yadda ake lissahin abin.

Wurin yana kudancin yankin Sina'i. Dutsen su Larabawa na ce mishi Jabal Musa, mu kuma a makarantar allo Ɗurisina munka sani, tsawonshi mita 2,285. A gindinshi cikin wani kwari akwai gidan ruhubanawa, wato malaman Kirista da sunka yanke hulɗa da duniya, ba aure ba kasuwa sai bauta, Larabawa na ce ma gidan Dair Sant Katrin. Sarkin Rum Jastiniyan ya sa anka gina shi tsakanin shekara ta 548 da 565, ka lura, tun ba a haihi Manzon Allah (SAW) ba ke nan, kuma hal yau akwai ruhubanawa a cikinshi. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002.

Kahin wani malamin unguwa ya taso mini, eh na san hadisin da ya ce ba a ɗaura sirdi don ibada sai zuwa masallatai ukku, kuma ban je neman lada ko shahwar dutse ba. Kallo na je da ganin ikon Allah. Kuma cewa wanga dutse shi ne ainihin inda Allah ya yi magana da Annabi Musa (AS), abin da mutanen wurin sunka gada ne kaka da kakanni, masana na da saɓani a kai. Ka je da wagga niyya ka huta da gardama.

Mataki na hwarko, ka zaɓi rana, kuma daga ƙohwar gidan za ka hwara lissahi ka koma baya

Dutse shina nan kullum, dare da rana, ba ya zuwa ko'ina. Gidan ne ke da lokaci. Da sahe kawai suke buɗe ma baƙi, kamar daga ƙarhe tara zuwa kahin sha biyu, bayan nan sai su ja ƙohwarsu su koma ga bautarsu. Ran Lahadi ba su buɗewa, Juma'a ma kar ka dogara da ita, sannan suna da ranakun idinsu na cocin Girkawa waɗanda ba su zo daidai da na Katolikan da munka saba gani nan ba. Ni kuskuren da na yi ke nan, na ce bari in hau daren Asabar tunda ba karatu, ashe wayewar garin Lahadi ce zan sauko. Don haka ka hau daren Lahadi ka sauko Litinin, ko daren Litinin, Talata, Laraba, duk sun yi. Kuma ko ka zaɓi ranar, ka sa mai masaukinka ko mai motar ya buga waya garin ya tabbatar gidan zai buɗe.

Sai wata. Wanda ya je a Disamba ko Janairu ko Fabrairu ya shirya ma abin da bai taɓa gani ba, don ƙanƙara na sauka a kan duwatsun nan, ba irin ƙanƙarar damina tamu mai ƙwanƙwasa kwano ba, irin ta Turai mai laushi da ke ruhe ƙasa. Ni a nawa ganin Oktoba da Nuwamba ko Maris da Afrilu sun hi. A Nuwamba na yi zuwa na biyu kuma ko a hakan sai da haƙorana sunka riƙa haɗuwa.

Mataki na biyu, ka shirya jikinka tun kana gida

Mu mutanen Maradi mu hwaɗi gaskiya, ba mu san hawa ba. Garinmu shimhiɗe yake kamar tabarma, ko mita 400 bai kai ba daga teku, babban hawan da mutum zai yi shi ne ya taso daga bakin gulbi ya hau cikin gari, shi ma a kan kabu-kabu. Can kuwa gidan kanshi shina wajen mita 1,500 da wani abu, daga nan ka ƙara kamar mita 700 a tsaye cikin dare guda. Iskar ma ba ta cika ƙirji kamar ta gida, za ka ji kana jan numhwashi amma kamar bai isa ba.

Abin da na yi, sati ukku kahin tahiya kullum bayan sallar asuba sai in kama hanyar Tibiri da ƙahwa in yi awa guda in juyo, da jakar goyo a baya na sa buteli biyu na ruwa ciki. Da marece kuma in samu gidan bene in yi ta hawa da sauka hal sau ashirin, maigadin wurin ya ɗauka aljanu ne sunka taɓa ni, ran nan ya ce Malam lahiya dai ko, na ce dutse zan hau, ya ce Allah ya sawwaƙe. In kana Alƙahira abin ya zo da sauƙi, ka bar asansar ka riƙa hawa benenku da ƙahwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya ga likita tukuna, babu asibiti a kan dutse.

Mataki na ukku, isa garin

Zancen biza da jirgi ba zan tsaya kanshi ba, wasu ta Yamai suke tashi wasu ta Kano tunda ta hi kusa da mu. Abin da zan ce kawai, sefa ba ta da amhwani a can, ka riƙe yuro ko dalar Amurka (ba dalarmu ta kasuwa ba hwa) ka canza a Alƙahira zuwa fam ɗinsu wanda suke ce ma gine, kuma ka nemi canji ƙanana da yawa don a kan dutse kowa ka miƙa ma babbar takarda sai ya ce ba canji.

Daga Alƙahira mota na ɗaukar awa shida zuwa bakwai, ana bi ta ramin Ahmad Hamdi da ke ƙarƙashin mashigin Suwez. Daga Dahab kamar awa biyu ne, daga Sharm kamar ukku, kuma daga garuruwan nan biyu akwai ƙananan bas da ke kwasar masu yawon buɗe ido da dare su kai su gindin dutse su jira su hal wayewar gari. Wannan ta hi sauƙi ga wanda bai son wahalar neman masauki, amma illarta direba ke riƙe da lokacinka, in ya ce a tashi an tashi. Ni na hi son in isa garin Sant Katrin da rana, in kama ɗaki a ɗaya daga cikin sansanonin Badawiyyai, wato Larabawan daji na yankin, in ci abinci in kwanta tun bayan magariba. Barcin awa huɗun nan shi ke raba wanda zai hau da daɗi da wanda zai hau shina layi.

Paspor ɗinka kar ya shiga cikin babbar jaka, a aljihu za ka sa shi. Shingayen 'yan sanda da sojoji na da yawa a hanyar Sina'i kuma baƙar hwata da paspor ɗin Nijar sai an ɗan juya shi an sake juyawa, ka yi haƙuri ka amsa abin da anka tambaye ka, kar ka ɗauki hoton shinge ko da wasa. Ɗalibi ya riƙe katin makaranta da takardar iƙamarshi. Akwai kuɗɗin shiga yankin da ake biya tunda gandu ne na gwamnati, ban sa adadi ba don kuɗɗin Misira kullum cikin canzawa suke, ka tambayi wanda ya je watan nan.

Mataki na huɗu, kayan da za ka ɗauka

Nan ne zan daɗe don nan mutanenmu ke shan kashi. Takalmi tukuna. Basket mai ƙasan roba mai kama ƙasa, wanda ka riga ka saba da shi, kar ka sayi sabo dal ka ce ranar za ka buɗe shi, zai yi maka kanta tun ba ka yi rabi ba. Silihwas da takalmin hwata na zuwa Juma'a a bar su a ɗaki. Shosat biyu, guda a ƙahwa guda a jaka.

Sutura kuma hawa-hawa ake sa ta. Riga mai sauƙi a ciki, tirko a kai, bulson mai kauri a jaka, da hular sanyi mai ruhe kunne da abin sa hannu da rawani ko gyale na wuya. Dalili, lokacin hawa jikinka zai yi zahi ka yi gumi sharkaf hal ka ce ina sanyin da ake ta hwaɗi, da ka kai sama ka zauna minti goma sai gumin nan ya koma kamar an watsa maka ruwan randa, iska kuma na busowa ta ko'ina babu abin tare ta. Don haka ka sa riga guda busassa a leda, da ka isa sama ka cire jiƙaƙƙar ka sa ta. Wagga dabara wani tsoho Bajamushe na gani ya yi a zuwana na hwarko ina gehe ina karkarwa cikin jallabiya, eh jallabiya na sa, kar ku yi dariya, na ɗauka sanyin bai wuce na hunturunmu ba lokacin da ake hura wuta a ƙohwar gida. 'Yan uwa mata, wando mai kauri a ƙarƙashin abaya, kuma abayar kar ta zama mai jan ƙasa don za ki taka ta a kan matakala.

Torshi, in ka samu irin ta ɗaurawa a goshi ta hi, don hannuwanka biyu za su yi aiki a ƙarshe. Kar ka dogara da hitilar waya, sanyi na shanye batir kamar mi, ka kai sama lokacin ɗaukar hoto ka iske waya ta mutu. Ruwa lita guda da rabi zuwa biyu. Abin taɓawa, dabino da gyaɗa da biskit, in kana da guntun kilishi ko ƙuli-ƙuli da anka aiko maka daga gida to ranarshi ce ta zo. Takardar goge hannu, 'yar leda ta zuba shara, maganin ciwon kai, sallaya marar nauyi. Shi ke nan. Duk abin da ka ƙara a kan wannan a wuyanka zai hau.

Mataki na biyat, gindin dutse da ɗan jagora

Ka duba a waya ƙarhe nawa rana ke hitowa ranar, ka cire awa huɗu, lokacin tashinka ke nan. Galibi tsakanin ƙarhe ɗaya da biyu na dare ake kama hanya. Ka yi alwala tun a masauki, ka yi ƙoƙari ka riƙe ta, don ruwan sama in ka zuba a hannu sai ka ji kamar an sare yatsun.

A wurin ajiye motoci akwai 'yan sanda, za su duba jaka su rubuta ku, kuma ba a hawa sai da ɗan jagora. Kar ka tsaya jayayya wai ai hanya a bayyane take, doka ce. Jagororin 'yan ƙabilar Jabaliyya ne, Musulmi ne, kuma tarihinsu a haɗe yake da gidan, su da kansu za su ce maka kakanninsu sarkin Rum ya kawo don su yi ma gidan hidima da tsaro. Ku yi ciniki ku gama a ƙasa, kuma ka hwaɗa mishi ƙarara tun a nan cewa ta matakala kake son saukowa kuma kana son ka riski gidan a buɗe. In kun kai mutum huɗu ko biyat kuɗɗin jagora sai ku raba.

Namu wani saurayi ne siriri da bai wuce shekara ashirin ba, da 'yar sigarinshi, shina tahiya kamar mai zuwa shago. Da ya ji mun yi mishi sallama da larabcin makaranta ya ce daga ina, munka ce Nijar, ya ce Najeriya, munka ce a'a Nijar, ya ce ahsan nas, wato mutanen kirki, wanda dama haka suke ce ma kowa ko daga wata ka hito.

Mataki na shida, hawan kanshi

Hanya biyu ce. Akwai hanyar raƙuma da suke ce ma Sikkat al-Basha, wadda anka share zamanin Abbas Basha mai mulkin Misira a ƙarni na 19, tana lanƙwasa tana hawa a hankali. Akwai kuma matakalar tuba, wajen taki 3,750 da ruhubanawa sunka jera da duwatsu, ta miƙe tsaye ta bayan gidan. Da dare hanyar raƙuma ake bi, babu wani zaɓi ga mai hankali.

Za ka wuce ta gehen katangar gidan cikin duhu, ba abin da za ka gani sai baƙin gini da tsinin itatuwa. Daga nan sai hawa. Sirrin duka shi ne taki ƙanana, kar ka yi tsere da kowa. Abokina ɗan Tasawa da munka je tare, ɗan ƙwallo ne, ya ɗiba da gudu wai zai nuna ma Turawa, bayan minti arba'in munka iske shi zaune kan dutse ya dahe kai, ɗan jagora ya dube shi ya ce shwayya shwayya ya kaptin. Ka yi tahiya irin wadda za ka iya magana kana yinta, in magana ta gagara to ka rage.

Raƙuma kuwa sai ka yi hattara, a duhu ba ka jin takunsu sai dai ka ji huci a bayan wuyanka, masu su na ta gamal gamal, wato raƙumi raƙumi. In sun taho ka raɓe ta ɓangaren dutse, kar ka raɓe ta ɓangaren rami. Wanda ya gaji zai iya hawa, ba abin kunya ba ne, tsohuwa ko mai ciwon gwiwa ma na ba shi shawarar ya hau tun daga ƙasa. Amma ka sani raƙumi ba ya kai ka ƙoli, akwai inda yake tsayawa. Kuma sirdin nasu na katako ne, mu da munka san raƙuman Buzaye a kasuwa mun san abin da ake ji.

A hanya akwai 'yan rumfuna na dutse da Badawiyyai ke sayar da shayi da Nescafe da cakulan da ruwa, kana ƙara sama kuɗɗin na ƙara hawa, kuma ban ga laihinsu ba tunda a bayan raƙumi ko jaki anka hau da kayan. Ka zauna minti biyat ka sha shayi mai zahi ka tashi, kar ka daɗe jiki ya yi sanyi. A wata rumhwa na kashe torshi na ɗaga kai sama, wallahi ko a ƙauyenmu lokacin da babu wuta ban taɓa ganin taurari sun yi yawa haka ba, ga kuma layin hitilun mutane a ƙasa shina lanƙwasa kamar jerin tururuwa masu wuta.

Bayan kamar awa biyu za ku ratsa wani tsagi tsakanin duwatsu, jim kaɗan sai hanyar raƙuma ta ƙare ta haɗu da matakala. Saura taki 750. Kar kalmar matakala ta ruɗe ka ka ɗauka irin ta gidan bene ce, duwatsu ne anka jera, wani gajere wani sai ka ɗaga gwiwa hal ƙirji, wani shina motsi. Nan kowa ke yin shiru. Ka yi hamsin ka tsaya ka numhwasa, ka sake hamsin. Rabin awa zuwa minti arba'in da biyat ya ishe ka. Daf da ƙoli akwai rumfunan ƙarshe masu ba da hayar bargo da katihwa, ka karɓi bargon. Shina warin raƙumi da hayaƙi da mutum dubu da sunka luluɓa da shi kahin kai, ka karɓa dai.

A sama akwai ɗan coci da anka gina a 1934 a kan kangon wani tsoho, galibi a kulle yake, da ɗan masallaci a kusa da shi, akwai kuma wani ɗan kogo da ake cewa nan Annabi Musa ya zauna, mu dai abin da munka sani daga Alƙur'ani dare talatin ne anka cika da goma. In masallacin na buɗe ka shiga, in ya cika ka shimhiɗa sallaya a kan dutse. Ka kula da alƙibla, kar ka kalli gabas kamar kana Maradi, daga can Makka tana kudu maso gabas ne, ka tambayi ɗan jagora. Ni a raka'ar hwarko Wattini na karanta, da na zo wa ɗuri sinina sai da muryata ta rawa, sanyi ne ko wani abu ne oho.

Sannan ka nemi wuri mai kallon gabas ka zauna ka jira. Mutane iri-iri, 'yan Koriya na waƙoƙin coci a can, 'yan Rasha a nan, 'yan Indonesiya na salati, 'yan Najeriya masu ziyara kuwa tun kahin ka gan su za ka ji su. Sama za ta yi ja, duwatsun da ke baƙi su koma kalar jan kanwa ɗaya bayan ɗaya hal iyakar ganinka, babu itace babu gida. Wancan dogon da ke kudu maso yamma shi ne Jabal Katrin, mita 2,629, babu wanda ya kai shi tsawo a Misira duka.

Mataki na bakwai, saukowa, kuma nan ne agogo ke aiki

Kar ka biye ma hoto. Rabin awa bayan hitowar rana ka mayar da bargo ka kama hanya. Ka sauko taki 750 ɗin nan, sai ka ga wani hili a ƙasa da dogayen itatuwa da ɗan gini, Farsh Iliya ke nan, inda ake cewa Annabi Ilyasu ya ɓuya. Daga nan za ka zaɓa. Mai ciwon gwiwa ya koma ta hanyar raƙuma. Mai sauran ƙarhi ya bi matakalar tuba, sauran taki wajen 3,000, don kyan wurin duka a nan yake, za ka wuce ta ƙarƙashin wasu ƙohohi biyu na dutse masu baka, a da wai wani ruhubani kan zauna a nan ya saurari tuban mai hawa kahin ya bar shi ya wuce, can kuma sai kwatsam ka hango gidan a ƙasa cikin kwari kamar ɗan akwati da lambunshi kore a gehe.

Saukar ta hi hawan cin gwiwa, wannan kowa ya je zai hwaɗa maka. Ka riƙa sauka a karkace, kar ka yi tsalle, kar ka taka dutse kana kallon waya. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Rana kuma da ta ɗaga za ka hwara tuɓe kayan da ka jibga ɗaya bayan ɗaya. In ka bi lissahin nan za ka iso ƙasa wajen takwas zuwa takwas da rabi, ka samu wuri ka wanke huska ka karya, ka tsaya kusa da ƙohwa kahin manyan bas su sauke mutane.

Mataki na takwas, cikin gidan

Gidan mutane ne kuma wurin bautarsu, ka shiga da ladabi yadda kake son baƙo ya shigo masallacinku. Ba gajeren wando, ba buɗaɗɗar kahwaɗa, ba ɗaga murya, cikin cocin ba a ɗaukar hoto kuma namiji ya cire hula. Ruhubanawan Girkawa ne akasari, baƙaƙen riguna da dogon gemu, kar ka tare su da kamara. Kahin ka shiga ka ɗaga kai ka dubi katangar, akwai wani ɗan ɗaki na katako a maƙale can sama, a zamanin tsoro ta nan ake jawo mutane da kaya da igiya don ƙohwar a toshe take.

Ɓangaren da ake bari baƙi su gani kaɗan ne, awa guda ta isa. Akwai rijiyar da suke ce ma rijiyar Musa. Akwai wata ƙayar bishiya mai yaɗo da ta zubo daga kan wani gini, ita suke cewa daga tsatson wadda Annabi Musa ya ga wuta a jikinta take, za ka ga mutane na miƙa hannu suna tsinkar ganye hal ƙasan ya zama sanƙo, kai dai ka kalla ka wuce. Abin da ya tsayar da ni shi ne hasumiyar masallaci tsaye kahwaɗa da kahwaɗa da hasumiyar ƙararrawar coci. Eh, masallaci a cikin gidan ruhubanawa, tun zamanin Fatimiyyawa, sarakunan Musulmi da sunka mulki Misira, mumbarinshi na ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1106. A kulle yake galibi, daga waje za ka gan shi.

In akwai sauran gine a aljihu ka biya ka shiga ɗan gidan tarihinsu, kuɗɗinshi daban ne kuma ya cancanta. Nan za ka ga kwahin takardar amana da ruhubanawan ke cewa Manzon Allah (SAW) ya ba su, da zanen tahin hannu a jiki, suna cewa ta asalin Sarki Salim na Turkiyya ya tahi da ita Istanbul a 1517. Masana tarihi na gardama kan ingancinta, amma sarakunan Musulmi da dama sun yi aiki da ita sun bar gidan lahiya. Ɗakin littattahansu kuwa ba a shiga, rubuce-rubucen hannu sama da 3,000 ke ciki, da girkanci da larabci da suryananci da wasu harsuna, ana cewa in ka cire Batikan, hwadar Paparoma, babu mai tsohhin irinsu. Ni da na ga wata takarda da larabci a cikin gilashi, tawadar ta yi ja-ja kamar ta allunanmu, sai na tuna da kundin kakana da gara ta cinye a cikin adaka a Madarunhwa, can busasshiyar iska ce ta tsare musu nasu.

Wajen sha ɗaya da rabi za ka ga an hwara kora mutane a hankali. Ka hita, ka sallami ɗan jagora da ɗan abin da ya sawwaƙa bayan kuɗɗin ciniki in ya kyauta maka, ka cika butelinka, ka nemi motarka. Kar ka sa wani abu mai muhimmanci washegari, cinyoyinka za su yi kwana ukku suna tuna maka, ni sai da na riƙa sallah ina dahwa bango wajen tashi daga sujada.

Rezo na kamawa a garin, don haka a cikin mota na kira Inna na ce mata na sauko lahiya. Ta ce daga ina. Na ce Inna daga Ɗurisina mana, ba na hwaɗa miki ba. Ta yi shiru, can ta ce to ka ci abinci dai ko.